Ƙari a Huhun Mahauci

Babana mahauci ne, kuma da wuya ka samu yaron da aka haifa a unguwarmu ta bayan kasuwar Filinge wanda ba shi ya yanka masa ragon suna ba. Na ɗiyata kaɗai bai yanka ba. Yana cikin gidan ranar, da ransa da ƙafafunsa, a ɗakin da ke jikin zaure, ya ja ƙofa ya rufe. Wani abokin sana'arsa aka kira ya zo ya sa wa ragon wuƙa. Na daɗe da gane dalilinsa, amma har yau in na tuna sai abin ya yi mini ciwo.

Ni ce 'yar farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai «ke» ko «waccan». A Bonkuku nake aure, a can kuma nake koyarwa a lekol, makarantar boko. Da cikina na fari ya tsufa, sai aka maido ni gida haihuwa kamar yadda ake yi, wajen ƙarshen damina. Tun daga ƙofar gida na ji tarin Baba. Inna ta ce ya fi wata biyar yana yi: zazzaɓi ya zo, a sha magani ya tafi, a yi kwana ashirin ya komo. Shi kuwa in ka yi magana sai ya ce hayaƙin babbaka ne, wai mahaucin da ba ya tari bai yi aiki ba. Haka muka yi ta ja da shi har wata safiya ya tofar da kaki a gindin bishiyar bedi, Inna ta ga jini a ciki.

A asibitin garin sau uku aka auna kakinsa ana neman tarin fuka, sau uku ba a samu komai ba. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya ce akwai wani abu zagaye a huhun dama, bai fi goro girma ba, kuma shi ba zai iya cewa ko mene ne ba sai an je Yamai an yi sikanar, hoton na'urar da ke ganin cikin jiki. Magana ke nan mai sauƙi. Kuskuren da muka yi shi ne da muka bar Baba ya riƙe hoton. Muna fitowa ya tsaya a tsakiyar filin asibitin, ya ɗaga shi sama yana kallonsa da hasken rana, ya karkata kai, ya sa babban yatsa a kan tabon. Sa'an nan ya sauke shi, muka kama hanyar gida.

Sai an san aikinsa kafin a gane abin da ya gani. Kowace safiya a mayanka, kafin nama ya shiga kasuwa, likitan dabbobi yana dubawa ya buga masa hatimin shuɗiyar tawada, kuma huhu yake fara juyawa. Ina ƙarama Baba ya taɓa sayen wani ƙaton bijimi daga wajen Sanam, aka buɗe aka iske huhun duk ƙulluluwa. Aka hana hatimi. Mahauta suka ba shi shawara ya yi shiru, a raba naman a kai kasuwannin ƙauye inda babu mai dubawa. Shi da kansa ya ja shi zuwa rami, ya zuba kananzir, ya rufe. Mun yi wata guda muna cin tuwo da miyar kuka tsura, amma tun daga ranar ba ya bari kowa ya riga shi duba huhun dabbarsa. To wannan idon ne ya kalli hoton da shi, kuma hukuncin da aka yanke wa bijimin nan shi ya yanke wa kansa.

A yinin nan ya wanke wuƙaƙensa, ya wasa su, ya naɗe cikin buhu ya sa ƙarƙashin gado. Teburinsa na kasuwa ya bar wa abokinsa. Ya ware kwanonsa, da moɗarsa, da butarsa, ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin zaure. In zai ratsa tsakar gida sai ya ja rawani ya rufe baki. Na ce masa an auna sau uku an ce ba tarin fuka ba ne, ya ce bijimin ma yana cin ciyawa lafiya lau har ranar da aka kayar da shi. Ana cikin wannan na haihu.

Mace na haifa. Na zaci ko don ita zai sassauta, domin mutum ne mai son jikokin mutane, balle tasa. Ya zo ya tsaya can bakin rumbu, nesa da ɗakin da nake wanka, ya tambayi Inna ko an sauka lafiya, ya yi hamdala, ya juya. Limamin unguwa aka kira ya yi mata kiran salla a kunne. Washegarin suna na kasa haƙura. Na ɗauke ta, ban ko ɗaura ɗankwali da kyau ba, na je na tura ƙofarsa, na yi masa maganar da 'yar fari ba ta yi wa ubanta. Na ce ya kunyata ni gaban dangin mijina, na ce mata suna tambayata ko wani laifi na yi masa. Ya matsa can jikin bango, ya ƙara jan rawanin.

«Koma da ita ciki,» ya ce. «Naman da ba a buga ma hatimi ba, ba a kai shi cikin mutane.»

Na koma ina kuka, rabi don tausayinsa, rabi don haushi, kuma haushin ya fi yawa.

Da na gama arba'in, maimakon in koma ɗakina sai na tsaya a kansa har ya yarda mu je Yamai. Ina jin don in ƙyale shi ya yarda. A mota ya ƙi zama kusa da mu, ya je can kujerar baya jikin taga, ni ina gaba da jaririya ina ta waiwaye kamar wadda aka ba ajiyar akuya. Mun yi kwana goma sha ɗaya a gidan wata ƙanwar Inna. Aka sa shi cikin na'urar sikanar. Bayan kwana biyu aka zura masa wata siririyar roba mai fitila a kai ta hanci har cikin huhu, aka tsinko ɗan abin don a auna. Sauran kwanakin jira ne kawai. Ban iya zama ba, ban iya kwanciyar rana ba, kullum sai na je asibitin na tambaya ko takarda ta fito, alhali an gaya mini ranar.

Likitan huhun mutum ne mai haƙuri, ya zaunar da mu ya yi bayani da Faransanci, ni ina mayarwa da Hausa. Ya ce ƙari ne, amma ba ciwon daji ba ne. Ba ya yaɗuwa cikin jiki, kuma ba a ɗaukarsa, ko da mutum ya sha ruwa moɗa ɗaya da shi shekara goma. Guringuntsi ne da kitse, kayan jiki na yau da kullum, suka taru suka girma a inda ba wurinsu ba. Ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, ya rubuta mini sunansa, amartom. Matsalarsa ɗaya: ya tsaya a bakin wata hanyar iska ya toshe rabinta, majina tana taruwa a bayansa tana ruɓewa, shi ne zazzaɓin da jinin. In aka bar shi, wannan ɓangaren huhun zai lalace. In aka yi aiki aka cire, shi ke nan. Har ya ba mu ranar aikin, wata biyu a gaba.

Murna ta kama ni. Na yi ta maimaita wa Baba: ba daji ba ne, ba a ɗauka. Ya yi wa likita godiya sosai, har da addu'a ga iyayensa. Muna fita ƙofar asibitin ya ce mini likitocin mutane suna da kirki, ba sa son tayar wa tsoho hankali, shi ya sa suke zaɓen magana. Ya ce shi ya buɗe dabbobin da ba zai iya ƙirgawa ba, ya san abin da ake iskewa a bayan ƙulli irin wannan, kuma ba zai kwanta a buɗe shi don a tabbatar da abin da ya riga ya sani ba. A tsakiyar titi na tsaya ina yi masa gardama, masu babur suna kauce mana. Muka komo Filinge ya koma ɗakinsa da kwanonsa.

Wata biyun nan ban san inda na sa kaina ba. Na koma Bonkuku, na koma aji, amma ina rubutu a allo ina lissafin kwanakin da suka rage. Duk ranar Juma'a da an tashi sai in goya yarinya in tari mota. Na tura masa liman, ya saurare shi da ladabi ya raka shi ƙofa. Na tura ƙanensa, suka ƙare da hirar farashin raguna. Mijina ya je ya durƙusa ya yi magana, Baba ya sa masa albarka ya ce ya kula da iyalinsa. Zazzaɓin ya komo sau biyu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Takardun asibitin suna cikin jakata, na karanta su har gefensu ya yi laushi. Inna ta daina magana a kai, sai dai ta zuba masa tuwo a kwanonsa ta ajiye a bakin ƙofa.

Saura kwana tara, ranar kasuwa, Inna ta aike ni in sayo nama. Ban taɓa sayen nama ba a rayuwata, ban ma san yadda ake tayawa ba. Ina tsaye gaban teburin da yake na Baba, raina a ɓace, sai idona ya faɗa kan shuɗin hatimin da ke jikin cinyar da aka rataye. Na tsaya ina kallonsa har mai naman ya tambaye ni ko lafiya. Liman, ƙane, suruki, likita: duk na kai masa waɗanda ni nake jin maganarsu. Mutum ɗaya ne Baba ya taɓa bari ya yanke hukunci a kan huhu a gabansa.

Tsohon likitan dabbobin ya daɗe da ajiye aiki. Bazabarme ne daga wajen Damana, ya zauna a Filinge ya yi gida can gefen gari yana kiwon 'yan awakinsa. Shi da Baba sun fi shekara ashirin suna faɗa kowace safiya. Baba yana ce masa maɓarnacin nama, shi kuma yana cewa da a bar Bakurfaye irin Baba da wuƙa gara a bar kura da mayanka, amma ranar da aka binne bijimin nan shi ya riƙe wa Baba ɗaya ƙafar. Na iske shi yana gyaran danga. Na gaishe shi, na zazzage masa takardun da labarin gaba ɗaya, ina yi ina haɗiye kuka. Ya sa tabarau, ya bi takardar sikanar layi layi da yatsa, ya koma farko ya sake bi. Ya ce shi ba likitan mutane ba ne, kada in ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Sa'an nan ya tambaye ni ko na karanta wa Baba takardar duka. Na ce na gaya masa abin da ke da muhimmanci. Ya dube ni ta saman tabarau, ya shiga ya ɗauko hularsa.

Bai yi sallama sau biyu ba, ya tura ƙofar ɗakin zauren ya shiga, ya zauna a kan tabarmar Baba gwiwa da gwiwa. Baba ya ja rawani yana cewa ya matsa. Ni na tsaya a bakin ƙofa da goyo. Suka gaisa, suka ɗan zagi juna kamar da, sai tsohon ya gyara zama.

«Mahauci, in an ishe ƙulli ga huhu, mi nika dubawa bayan nan?»

«Kaluluwat tsakiya,» in ji Baba, bai ko yi tunani ba. «Sa'an nan hanta.»

«In kaluluwa ta kumbura, hanta ta yi tabo?»

«Rami.»

«In ƙulli guda na, shi ɗai, kaluluwa lahiya, hanta lahiya, ɗayan huhun lahiya?»

Baba ya dubi bango, ya dubi yatsunsa.

«A ɗebe wurin,» ya ce a hankali. «A buga hatimi.»

Sai tsohon ya buɗe takardar ya karanta masa layukan da ni na riƙa tsallakewa. Babu kaluluwar da ta kumbura a tsakiyar ƙirji. Hanta sumul. Huhun hagu babu komai. Ƙullin guda ɗaya ne, gefensa a shafe, bai kama abin da ke kewaye da shi ba. Sau nawa na karanta waɗannan layukan ina ganin cikon takarda ne, tunda ba su faɗi wani ciwo ba. Kunya ta kama ni. Wata biyu ina yi wa mutum ihu da kalmomin likita, ga amsar tambayarsa a cikin jakata.

Baba ya ce a ba shi hoton da hantar take. Tsohon ya nemo ya nuna masa, suka fita ƙofar gida su biyu suna ɗaga shi a rana, suna musu a kan inda matsarmama take. Da suka komo ciki, tsohon ya ce ƙishirwa yake ji. Kafin in juya in kawo ruwa ya miƙa hannu ya ɗauki moɗar Baba, wadda ba wanda ya taɓa ta wata huɗu, ya kafa kai ya shanye. Baba ya kai hannu zai ƙwace amma ya makara. Ya zauna yana kallonsa, bakinsa a buɗe, rawanin ya zame bai mayar ba.

Ya yarda da aikin, amma da sharaɗi. Sai an ciro abin ya gani da idonsa, an kuma duba shi an rubuto, kafin ya koma cikin mutane. Na buɗe baki zan yi magana, tsohon ya ce in yi shiru, ka'idar ke nan, shi ma haka zai yi.

Da hantsi aka shiga da shi ɗakin aiki a Yamai. Na auna barandar nan da ƙafata har wata mata da ke jiran ɗanta ta ce don Allah in zauna, jiri nake sa ta. Na zauna, na tashi. Bayan azahar likitan fiɗa ya fito ya ce an cire ƙarin da ɗan guntun huhun da ke bayansa, sauran yana nan lafiya. Na iske Baba da roba a haƙarƙari tana zubar da ruwa cikin kwalba, yana numfashi da ƙyar. Abin da ya fara tambaya bayan ya gane inda yake shi ne ina abin. Na riga na roƙi likitan, ya sa aka kawo masa a cikin ƙaramar kwalba kafin a kai ɗakin awo. Wani abu ne fari-fari, mai ƙulli-ƙulli. Baba ya ce a juya masa kwalbar, a sake juyawa, a matso da ita kusa da taga.

«Guringuntsi na,» ya ce. «Da ɗan kitse.»

Na mayar wa likitan da Faransanci. Ya yi dariya ya ce su ma abin da suke sa ran ji ke nan, sai dai su sai sun jira makonni.

Muka jira. Muka komo Filinge, tarin ya ragu, zazzaɓi bai sake zuwa ba, ɗinkin ya kame, ya fara cin abinci har yana neman ƙari, amma a kwanonsa, a ɗakinsa. Sau biyu na je Yamai na komo hannu wofi. A na uku aka ba ni takardar. Ban ko biya gida ba, daga tasha na wuce na ɗauko tsohon. Ya karanta wa Baba ita daga sama har ƙasa, har da sa hannun da ke ƙarshe, ya ninke ya miƙa masa ya ce in ya ga dama gobe ya fito da wuƙaƙensa ya ci gaba da cutar jama'a.

Bayan la'asar Baba ya fito tsakar gida, babu rawani a baki. Ya je randar gida ya ɗebi ruwa da moɗar kowa ya sha. Inna tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta gani ba, amma hannunta ya tsaya. Ya zo ya zauna a kan turmin da aka kife, ya miƙo hannu biyu ba tare da ya dube ni ba.

«Ke, miƙo min amaryata.»

Watanta shida a lokacin, ta yi haƙora biyu, ta san nata ta san baƙo. Ina sa ta a hannunsa ta dubi fuskarsa ta tsala ihu, ta sandare, tana miƙo mini hannu. Na yunƙura zan karɓe ta.

«Ƙyale ta,» ya ce. «Da gaskiyatta, ba ta san ni ba.»

Ya gyara mata riƙo a ɓangaren da ba ɗinki, ya kai bakinsa kunnenta na dama ya fara kiran salla. Inna ta ce ai liman ya yi mata tun ranar da aka haife ta. Ya ci gaba abinsa. Numfashinsa bai gama komowa ba, sai ya tsaya ya huta a tsakiyar kowace jimla, ita kuwa tana kuka tana ture masa gemu. Haka ya bi shi har ƙarshe, sa'an nan ya juya ta ya koma kunnen hagu.